Bidiyon Ciyaman a Kwalbati

Ni Ɗanjummai a aji uku na ajiye boko, amma har yau ban taɓa kwana a sel ba.

Ranar da Ciyaman Tanimu ya je buɗe sabon kwalbati, kwalbatin ya rufta da shi, ni na ɗauki bidiyon. Ya sa aka sauke shi daga intanet, mu kuwa muka ci gaba da tura wa juna daga waya zuwa waya. Aka kamo ni.

Ciyaman ya ce, "Ka goge shi daga kowace waya a ƙaramar hukumar nan, ko ka kwana a sel."

"An gama, ranka ya daɗe. Gida-gida zan bi. Wanda ya ce bai san wane bidiyo ba fa?"

"Ka nuna masa mana."

"To. Mutanen ƙauye yawancinsu ba su gani ba tukuna. A ba ni mota da lasifika."

Ciyaman ya dubi ɗan sandan da ke riƙe da ni. "Kana da shi?"

"Na hujja ne, yallaɓai."

"Direba, kai fa?"

"Hajiya ce ta turo min."

"Ku sake shi."

Na ce, "Motar fa, ranka ya daɗe?"