Yadda Kurege Ya Zama Cakin Dumawa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

Akwai wasu mutane, Dumawa, da ba su san ƙarfe ba. Ba maƙeri, ba wuƙa, ko allura babu. Amma wajen kiɗa ba dama! Gangarsu kututture, sarewarsu kara, cakinsu gora cike da busasshiyar gurjiya. Da yake ba su da abin huda, sai suka ɗauki Kurege aiki saboda haƙoransa. Dokarsu kuwa ɗaya ce: wanda ya ɓata kiɗan biki, da fatarsa za a rufe ganga.

Ana gobe bikin kaka, Sarkin Kiɗa Mantau ya kawo goruna ya ce, "Kurege, ƙara musu huda, amo ya fita."

Kurege da gurjiya! Ni wautar mutanen nan har haushi take ba ni.

Ya huda, ya leƙa, ya haɗiye. Ya huda, ya leƙa, ya haɗiye. Bai tauna ba, don kada a ji ƙurus-ƙurus. Kafin ka ce me, goruna sun zama wayam.

Ranar biki ganga ta tashi, sarewa ta amsa. Aka girgiza caki, shiru. Aka sake girgizawa, shiru.

Mantau ya daka tsawa, "Ina Kurege? A wasa dutsen fiɗa!"

Kurege ya ranta cikin na kare, sai cikinsa ya ɗauka: cakas-cakas, cakas-cakas! Mantau ya cafko shi, ya jijjiga shi don fushi. Cakas-cakas! 'Yan mata suka faɗa rawa. Haka aka yini ana jijjigarsa, har idanunsa suka firfito.

Da aka tashi, Mantau ya ce, "To, saura fata."

Kurege ya ce, "Ranka ya daɗe, fatata ko ludayi ba ta rufewa. Amma kun taɓa jin caki mai zaƙina?"

Jama'a suka ce, "Wallahi ba mu taɓa ba!"

Ya ce, "To, caki irina, gurjiyar cikinsa narkewa take yi. Sai ana zuba masa sabuwa kullum."

Har yau Dumawa na noma gurjiya, Kurege na haɗiyewa, su kuma suna rawa.

Ƙurunƙus kan Kurege! In za ka ci kayan jama'a, ci da amo mai daɗi, su da kansu za su ƙaro maka.