Tanderun Naziran da Kwana Biyar na Ƙarshe

Akwai wata mata a layinmu, nan bayan tashar jirgin ƙasa ta Multan a Pakistan, sunanta Naziran Bibi. Ita ce mai tanderun unguwa. Shekara ashirin da shida tana gasa mana roti, wato gurasarmu ta alkama, rana da magariba.

Kowace mace za ta kwaɓa garinta a gida, ta rufe da ƙyalle, ta kawo a faranti. Naziran ta cura, ta faɗaɗa a tafin hannu, ta sunkuya da ƙirjinta a bakin wuta ta manna a ciki. Ladanta curi ɗaya ne daga kowane faranti. In kin yi mata kallon da bai gamshe ta ba, biyu.

Ni ba na yabon mutum don ya ji daɗi, kun san halina. Amma hannun matar nan daban ne. Bakinta ma haka.

Bara aka gano tana da sankarar mama a ɓangaren dama. Aka yi mata aiki aka cire ƙullutun. Da wurin ya warke, likitoci suka ce saura haske. Za ta riƙa kwanciya ƙarƙashin wata na'ura tana haska wurin, don a ƙone abin da ya rage na cutar. Sau ashirin da biyar, kullum, ban da Asabar da Lahadi.

Mijinta, Gulam Farid, shi ke kai ta asibiti a babur da sassafe. Ƙarfe goma sun dawo. Sha biyu ta hura wuta.

Muka ce ta huta. Ta ce, "Wuƙar likita ba ta kwantar da ni ba, sai fitila?"

Tun ranar farko ma'aikatan asibiti sun ja mata kunne. Kada zafi ya taɓa wurin. Kada ta shafa komai sai man da suka ba ta. Ta ce to. Da suka tambaye ta sana'arta, sai ta ce aikin gida.

Sati uku lafiya lau. A na huɗu fatar ta yi ja, ta koma baƙi-baƙi, ta fara saɓa. Ga ƙaiƙayi mai hana zama. Ga wata gajiya da ba ta san irinta ba, kamar an ɗora mata buhun alkama a wuya. Kuma watan Yuni ne, lokacin da ko ƙarfen ƙofa ba ya taɓuwa.

Ba ta gaya wa kowa ba. Ta kwaɓa kurkum da man shanu ta shafe wurin, yadda iyayenmu ke yi wa kowace ƙuna, ta ja mayafi ta koma bakin wuta.

Ranar Laraba, zama na ashirin, ma'aikaciyar da ke kwantar da ita, Sista Farzana, ta ɗaga rigar ta tsaya cak.

"Amma ji," ta ce, wato Uwa a yarenmu, "wannan rawayar fa?"

"Kurkum ne. Da shi uwata ta raine mu mu tara."

"To wannan ƙaurin hayaƙin da nake ji kullum a jikinki?"

Sista ta dube ta ido cikin ido.

"Ki gaya min gaskiya. Wane aiki kike yi?"

Sai a ranar ta faɗa. Sista ta kira likita. Likita ta duba ƙasan maman da hammata, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Fatar nan saura ƙiris ta tsage. In ta buɗe ta fara ruwa sosai, dole mu dakatar da hasken har ta warke. Kuma ba ma son tsayawa ana dab da gamawa, don cutar ba za ta jira ki ba. Saura biyar. Ki rabu da wuta."

Naziran ta gyara mayafi. "In bar na rana, in yi na magariba."

"A'a."

"Faranti goma kacal."

"Ko ɗaya."

"Da hannun hagu fa?"

Sista Farzana ta ce, "Amma ji, nan ba kasuwar kayan miya ba ce."

Suna komawa gida ta hura wuta.

Kada ku ce ba ta da hankali. Lokacin da aka yi mata aiki, wata guda tanderun yana rufe. Mutane suka koma sayen roti a shagon bakin titi, kuma gida biyu ba su dawo ba har yau. Abin ya tsaya mata a rai. Ta rantse ba za a sake ganin tanderunta da sanyi ba.

Amma a ranar hannun daman ya ƙi miƙewa. Farantin da ke gabanta na Sughra ne, wata matashiya da aka auro daga ƙauye shekara biyu da suka wuce, mai ƙarancin magana. Naziran ta manna curin farko, ya suɓuce ya faɗa garwashi. Na biyu ma haka. Na uku ko bangon bai taɓa ba.

Mata kusan goma muna tsaye. Sai ta juya kan yarinyar.

"Ke, wace uwa ce ta koya miki kwaɓi? Wannan ai kunu ne. Ki kai wa akuya."

Sughra kuwa ba ma fuskar Naziran take kallo ba. Hammatar rigarta take kallo, inda wani danshi mai rawaya ya manne da fata. Naziran ta lura, ta yi maza ta ja mayafi.

Yarinyar ta ɗauki farantinta ta zaga bayan gida, inda Gulam Farid ke yanka wa akuyoyi ciyawa. Ta tsaya a kansa har ya gaji. Ya zayyane mata duk abin da likita ta ce, sannan ya ƙara da, "'Yata, ni dai ban gaya miki komai ba. Ina son in kwana a gidan nan."

Da la'asar sakaliya Naziran ta fito da ashana a hannu, ta tarar wuta na ci. Sughra na tsugune a bakin tanderu, ta naɗe hannu da tsumma. Mu bakwai muna zaune. An ja gadon igiya an kai can ƙarƙashin darbejiya, an ɗora matashi.

Sughra ta ɗauki ƙarfen ciro roti, ta ja layi a ƙasa daga bango zuwa bango.

"Masi," ta ce, wato Inna, "daga nan zuwa inuwa naki ne. Daga nan zuwa wuta namu ne, har asibiti su sallame ki."

"A gidana?"

"A gidanki."

"Baban Shabana," Naziran ta ɗaga murya ta waiga tana kiran mijinta, "fito nan." Amma mutumin tuni ya tuna yana da aiki a masallaci.

Ta ɗaga ƙafa za ta tsallake layin. A nan na sa baki, don na san yadda ake magana da mai girman kai. Na ce, "Baji," wato Yaya, "tsallaka. Amma in kin tsallaka, gobe duk layin nan a shagon bakin titi za mu sayi roti, kuma ni zan shige gaba. In kin zauna, ba farantin da zai bar gidan nan. Zaɓi."

Ta dube ni. Ta san ba na janye magana.

Ta zauna.

Jama'a, rotin da muka ci a kwanakin nan, Allah kaɗai ya sani. Wani kamar tafin takalmi, wani baƙi ƙirin, wani cikinsa ɗanye. Mijin Sughra ya ce haƙorinsa na girgiɗi. Ta miƙa masa ƙarfen ta ce ya je ya gwada.

Naziran na kan gado tana ba da umarni. "Wutar ta yi yawa. Ke, curi ne wannan ko kan jariri? Juya shi, makauniya." Sau biyu barci ya ɗauke ta tana tsakiyar zagi, baki a buɗe. Muka riƙa yin magana ƙasa-ƙasa. A lokacin muka gane irin gajiyar da ta yi wata guda tana ɓoyewa.

Kurkum kuwa Sughra ta kwashe shi kaf daga gidan. Safe da yamma tana dafa ruwa da ɗan gishiri yadda Sista ta nuna, ta bar shi ya huce, ta jiƙa ƙyalle mai laushi ta ɗora a wurin, sannan man asibiti. Rigunan Naziran duk masu kama jiki ne, ɗinkin hammata na gurzar ta. Na buɗe akwati na ciro tsohuwar rigar marigayi maigidana, farar auduga da wanki ya mayar kamar fatar albasa. Shekara tara ban bari kowa ya taɓa ta ba. Na kai mata.

In ƙaiƙayi ya taso kuma, sai mu aje mata tire cike da wake mu ce ta tsince. Hannun da ke tsinta ba ya susa. Gidajen layinmu ba su taɓa cin wake mai tsabta irin na satin nan ba.

Curinta ma ba a fasa cirewa ba. Ta ce, "Ban yi aiki ba, ba zan karɓa ba."

Sughra ta ce, "Kin yi, Masi. Bakinki bai huta ba."

Alhamis aka yi na ashirin da ɗaya. Juma'a aka yi na ashirin da biyu, amma wani wuri kamar faɗin babban yatsa ya buɗe a hammata. Likita ta sa aka rufe shi, ta ce, "Litinin zan duba. In ya faɗaɗa, mun tsaya."

Asabar da Lahadin nan Naziran ba ta zagi kowa ba. Wannan ya fi tsorata mu.

Ranar Lahadi da rana tsumman hannun Sughra ya kwance. Daga wuyan hannu zuwa gwiwa duk tabon wuta ne, wasu sun ɗuri ruwa. Ta yi sauri za ta mayar, amma Naziran ta gani.

"Zo nan."

Ta zo. Naziran ta riƙe hannun tana juya shi, ta sa aka kawo ruwan randa ta zuba a kai da kanta.

"Ba haka ake shiga ba. Ki tsoma hannun a ruwa har gwiwa. Ki kau da fuska. Tafi ne ke shiga, ba kafaɗa ba. Ki manna ki fito, kada ki tsaya kallo." Wannan ko 'yarta Shabana ba ta koya wa ba. Sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Kwaɓinki lafiyarsa ƙalau ranar nan. Hannuna ne."

"Na sani, Masi."

"To kin ji dai."

Litinin muna jiran ƙarar babur tun ƙarfe tara. Da suka shigo, Gulam Farid ne ya fara magana tun bai kashe inji ba. Wurin bai faɗaɗa ba. An yi na ashirin da uku.

Talata aka yi. Laraba aka gama.

Sai dai da za ta tashi daga kan na'urar, Sista Farzana ta riƙe ta. "Amma ji, saurara. Hasken ya ƙare, amma fatar ba ta san ya ƙare ba. Za ta ci gaba da ƙuna kusan sati biyu, har ta fi haka, kafin ta fara warkewa. Gajiyar ma haka. Sati uku ba ke ba wuta."

Gulam Farid na waje lokacin. Ba wanda ya ji sai ita.

Mu kuwa a gida mun share tsakar gida, mun goge layin da Sughra ta ja. Sughra ta wanke ƙarafa ta jera, ta aje ashana a bakin tanderu. Alkawarinmu har asibiti su sallame ta ne, kuma sun sallame ta. Da ta yi shiru ta karɓi ashanar nan, ba mai cewa uffan.

Ta shigo ta ga komai a jere. Ta ɗauki ashanar, ta juya ta a hannu.

Sannan ta ce, "Sun ce saura sati uku. Ba zan iya ba tukuna." Ta dube mu. "Na san kun gaji. Na san mazanku sun gaji. Roƙonku nake yi, ku ƙara min."

Shekara ashirin da shida ina layi ɗaya da matar nan, ban taɓa jin kalmar roƙo a bakinta ba.

Ba wadda ta yi dogon bayani. Sughra ta karɓi ashanar ta tsuguna. Wata ta tafi ɗebo kara. Naziran ta shige ɗaki ta kwanta, hayaƙin tanderunta na shigowa ta taga, ta yi barci har la'asar.

Fatar ta ƙara ɓaci kamar yadda aka ce, sannan ta warke. Wurin ya ɗan fi sauran jiki duhu, shi ke nan. Sau biyu ta koma an duba ta, ba a ga komai ba, Alhamdu lillahi. Ita ta ce in rubuta wannan. Ta ce in gaya muku likitoci sun yi nasu, Allah ya saka musu, amma kwana biyar ɗin nan na ƙarshe matan layi ne suka ɗauke ta suka tsallakar.

Darasi: Ƙarshen magani ya fi farkonsa wuya, kuma a nan girman kai ke kayar da mutum. Ki gaya wa masu duba ki gaskiyar aikinki da abin da kike shafawa, ko da kina ganin ƙaramin abu ne. In an miƙo miki hannu ki kama, in ba a miƙo ba ki buɗe baki ki roƙa. Ke kuma da ke da lafiya, kada ki tsaya kan mugun bakin mara lafiya, ki dubi abin da take rufewa da mayafi. Ku tura wannan ga duk wadda ke kan magani, da masu zama kusa da ita.