Garar da Ke Bayan Kalanda

Akwai wani mutum da ya yi ritaya daga aiki, ya tattara ɗan abin da ya samu ya gina ɗakuna huɗu a bayan gidansa, ya zuba 'yan haya. Shi a tunaninsa hutu ya zo. Ashe sabon aiki ya ɗauka, wanda ba shi da ranar Asabar balle hutun ƙarshen shekara.

A ɗakin farko akwai wata mai tuyar ƙosai, ana ce da ita Maman Saratu. Wannan baiwar Allah, ko ƙusa ce ta motsa sai mai gida ya ji labari. Zai kai lomar tuwo baki ke nan sai ga sallamarta: "Baba, ƙofar banɗaki ta ƙi rufuwa." Gobe, "Baba, kwata ta toshe." Jibi, "Baba, zo ka ga wata ƙasa da ta fito a bangona." Har ta kai in ya hango ta tafe sai kansa ya fara sarawa. Yakan tashi yana mita, "Ni gida na gina ko ciwon kai?" Amma duk da mitar yakan je ya gyara.

A ɗakin ƙarshe kuwa akwai wani tela mai suna Irimiya, wanda bai taɓa kawo ƙara ba ko sau ɗaya.

Doka ɗaya mai gida ya kafa wa kowa: kada a jingina kwalaye ko itace da bango, gama unguwar tana da gara. Kowace shekara kuma, kafin ruwan farko, yakan zaga ɗakunan da sanda yana ƙwanƙwasa katakon rufi. Inda ya ji ya yi ƙara kamar ganga, ya san gara ta cinye cikinsa, sai ya kira kafinta.

To, Irimiya ya tara kwalayen yadi a bayan kekensa na ɗinki. Wata rana ya janye su, sai ga hanyar gara ta miƙe a bango, ta nufi sama. Gabansa ya faɗi, domin ya san shi ya karya doka. Sai ya kankare wurin, ya ɗauko kalanda ya rataye a kai. Da hanyar ta sake ɓullowa a gefe, ya ƙara wata kalandar.

Ranar zagaye, tun daga bakin ƙofa yake taren mai gida da kujera da ruwan sanyi. "Baba, kada ka wahalar da ƙafarka. Ɗakin nan lafiya lau yake."

Mai gida kuwa daga wurin Maman Saratu ya fito, kunnuwansa sun cika. Sai ya leƙa kawai, ya ga ɗaki tsaf, bango ya sha ado. Ya ce a ransa, ai mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ya jingine sanda ya sha ruwa. Har yabonsa yake yi a gari, wai da duk 'yan haya irin Irimiya ne da hawan jininsa ya sauka.

Haka aka yi shekara huɗu.

A shekara ta biyar, matan zumuntar coci suka kawo wa Irimiya ɗinkin ankonsu na babban taro, yadin mata talatin. Ran nan da la'asar ya fita sayen zare, sai hadarin farko ya taso da iska. Mai gida yana zaune ya ji rugum! Ya fito a guje ba ko takalmi. Ɗakuna uku suna tsaye. Rufin ɗakin ƙarshe ya rufta a kan keke, ruwa da laka suna kwarara a kan yadin mutane.

Ya ɗauki guntun katako, ya murtsuke a hannunsa kamar gari. Ya dubi bango, ya fizge kalanda ɗaya, ya fizge ta biyu, har ta huɗu. Bayan kowacce hanyar gara ce, wata ta fi wata kauri. Yana cikin haka sai Irimiya ya iso a jiƙe, ya durƙusa.

"Baba, tsoro na ji. Na ce za ka yi mini faɗa saboda kwalayen."

"Faɗa? Ai da na yi! Da na yi maka faɗa har maƙwabta su ji, sa'an nan in kawo magani kwalba ɗaya, shi ke nan. Sau huɗu ina zuwa ƙofarka da sanda, kana ba ni ruwan sanyi. Da kana ciki fa, me zan gaya wa mahaifiyarka?"

Ya juya ya ga Maman Saratu tsaye a ƙofar ɗakinta, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Sai ya ce mata, "'Yata, gobe ma in ƙusa ta motsa, ki zo."

Ma'anar wannan misali ita ce: ɗakin nan ranka ne, kai kuwa haya kake yi, Mai shi yana nan. Gara ita ce zunubin da ka sani sarai, amma ka rufe. Kalanda kuwa, 'yan'uwa, kowa ya san tasa: kayan Lahadi masu guga, kujerar gaba a coci, da "lafiya lau" da muke amsawa kafin a gama tambaya. Abin haushi shi ne, mun fi ɓata ƙarfi wajen rufewa fiye da abin da tuba za ta ci mana.

Wancan mai gida mutum ne, ya gaji, an ruɗe shi da kujera. Ubangiji ba ya gajiya da mai yawan zuwa, ba a kuma ruɗinsa da ado. Yana ganin bayan kalanda tun ranar da aka rataye ta. Ƙwanƙwasawa yake yi domin ya gyara, ba domin ya kore ka ba.

Maman Saratu ta sha mita, ta kwana a ɗakinta. Irimiya ya sha yabo shekara huɗu, ya rasa ɗaki da keke a yini ɗaya. Ɗan'uwa, hadari yana haɗuwa. Ka sauke kalandar nan da hannunka tun iska ba ta sauke maka ba.