Mutumin da Ya Share Manoma Arba'in Daga Jerin Ruwa

An yi wani mutum a nan Talata Mafara, ba zan kama sunansa ba, don shi da danginsa na nan da ransu. Allah Ya ba shi kai. Ya tafi jami'a ya karanci ilmin ƙera manhaja, wato rubuta wa kwamfuta umarnin abin da za ta yi.

Ya 'yan uwa, ni kaina abin ya daɗe yana ba ni mamaki, har na tari wani malamin jami'a na ce, wai me kuke koya wa yaran nan shekara da shekaru? Ya ce da farko lissafi da harshen da kwamfuta ke ji. Sannan yadda ake adana bayanai. Daga nan a haɗa su biyar-biyar su yi aiki guda, a kuma tura su ma'aikata wata shida su ga yadda ake yi. Amma abu biyu aka fi nanata musu: kada ka saki aikinka sai ka gwada shi da irin abin da zai tarar a waje, kuma sai wani ya karanta maka shi layi-layi. Na ce ikon Allah! Ai ko mai rubuta Alƙur'ani da ka sai ya kai wa alarammomi sun duba.

To waɗannan biyun su ne mutuminmu ya raina. Abin da abokansa ke kwana uku a kai, shi kafin la'asar ya gama, sai ya ga wa ya isa ya duba masa? Ranar darasin gwaji yana shagon mai shayi. Akwai wata 'yar ajinsu, Lailatu, da aka haɗa su rukuni ɗaya. Ta ce ya kawo nasa ta karanta, ya yi dariya ya ce, "Ki fara gane naki tukuna."

Ya gama da sakamako mai kyau, ya dawo gida. Sai wata ƙungiyar manoman rani da ke tsakanin Maradun da Bakura ta ɗauke shi aiki. Damuwarsu rabon ruwa: kullum rigima kan wa za a buɗe wa yau, wa gobe. Suka ba shi sunayen manoma ɗari shida, ya rubuta manhajar da za ta fitar da jeri, mai buɗe ƙofar ruwa ya riƙa bi.

Da ya duba sunayen sai ya ga Mamuda Jibo sau uku, Bello Sadi sau biyar. A ransa ya ce sakatare ne ya maimaita, aikin ƙauyanci. Ya umarci manhajar duk sunan da ya zo fiye da sau ɗaya ta bar ɗaya ta share sauran. Bai taka gona ba, bai tambayi kowa ba. Takardar da ake sa hannu cewa an gwada aiki kuma wani ya duba, ya sa mata hannu. Ƙarya ke nan, da sunan shaida.

Ku gaya mini, a ƙasar nan gari nawa ne babu Mamuda Jibo uku?

Mako na farko mutum arba'in ba su ga ruwa ba, ga shinkafa ta ɗauki ciki. Suka kai kuka ofis. Wallahi ya ji kamar ya buɗe aikin ya sake dubawa. Amma ya tuna in ya duba ya amsa laifi ke nan a gaban shugabanni. Ya ce, "Na'ura ba ta kuskure. Ku jira layinku." Shugabanni suka gaskata mai digiri.

Mako uku ana haka. Ran nan wani dattijo daga Birnin Tudu ya shigo da damin shinkafa busasshiya, ya ajiye masa a kan tebur. Ya ce, "Ɗana, ni ne Mamuda Jibo. Wanga ma Mamuda Jibo ne, ga na ukunmu can bakin ƙofa. Dube mu da kyau. Mutum guda ka gani?"

Ƙungiya ta nemo wanda zai binciki aikin, sai ga Lailatu. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba ta gano layin umarnin da ya share sunayen a cikin manhajar. Ta ce gwajin rabin awa da sunayen gaske ya isa ya tona shi. Aka ɗauko takardar da ya sa wa hannu aka karanta a bainar jama'a.

Gidaje arba'in suka rasa abincin shekara. Aka sallame shi. Labari ya riga shi zuwa Gusau da Sakkwato, duk inda ya kai takardunsa sai a ce a'a, mun ji. Yau yana wata rumfa yana yi wa mutane cajin waya, in ya hango manomi tafe sai ya sunkuyar da kai.

Ya 'yan uwa, ba jahilci ya kashe shi ba, ya san aikinsa sarai. Girman kai ne ya hana shi tambaya, ƙarya ta sa shi sa hannu, kunyar mutane ta hana shi gyara lokacin da shinkafar ke da sauran rai. Ku da 'ya'yanku ke karatun nan, ku gaya musu kowane suna da suka gani a allon kwamfuta mutum ne mai iyali, kuma za a tambaye su a kansa.

Ya Allah Ka raba mu da girman kai da shaidar zur, Ka ba mu ikon cewa "na yi kuskure" tun da sauran gyara. Allah Ya kiyaye mu, mu da zuriyarmu. Amin.