Kunu a Ƙwaryar Burkutu

"Miƙo min makullin keken nan, shashasha!"

Da wannan ihun Abdulnasir ya faɗo tsakar gidan, waya a sama, yana ɗaukar bidiyon kowa.

To bari in ɗan koma baya. Akwai wani ɗan keke-napep a nan Lafiya, sunansa Ashemi, ƙanin wannan Abdulnasir ɗin. Keken ma na yayan ne. Ashemi kam ya sha giya, ba ƙarya. Da ogogoro, giyar nan mai zafi ta cikin leda, yake karyawa, har ya taɓa juye fasinja a kwata. Yayan ya rantse in ya ƙara, shi da keke har abada.

Ashemi yana so ya daina, amma wa zai tambaya? Ka buɗe baki a unguwa, kafin magariba labarinka ya kai teburin mai shayi. Sai ran nan ya ɗauki Terfa, tsohon abokin shansa, a kekensa. Mutumin ya yi fes, ido fari tas.

"Kai, wane asibiti ka je?"

"Ba asibiti. Zo Bukan Sidi ran Lahadi da yamma, gidan Mama Nguavese."

"Mai burkutu? Kanka ɗaya?"

"Ta daina. Ita ma irin mu ce."

Haka ya fara zuwa. A zauna a benci, Musulmi da Kirista, kowa ya faɗi yadda satinsa ya kasance. Wanda ya zame ya sha, ba mai zaginsa. Doka ɗaya ce: fuskar da ka gani a nan, ka bar ta a nan. Mama kuma sai ta zuba musu kunu a irin ƙwaryar da take sayar da burkutu a da, wai hannun da ya saba riƙo kar a bar shi haka nan.

Ƙwaryar ce ta ja masa. Wani magulmaci ya ga keke a ƙofa, ya leƙa, ya kira Abdulnasir.

Ashemi ya miƙa ƙwaryarsa. "Yaya, kunu ne fa. Sansana ka ji."

Abdulnasir ya buge ƙwaryar ta tarwatse. "Ni zan sansana ƙazantarku? Tarin mashayan banza! Yau duk guruf ɗin WhatsApp na unguwa sai ya gan ku."

Mama ta ce, "Alhaji, abeg, sauke wannan waya."

"Rufe min baki, tsohuwar banza!"

Ashemi ya waiga. Wata malamar makaranta ta rufe fuska da zani. Wani dattijo ya juya wa bango. In bidiyon nan ya fita, aikin wasu da aurensu ya tafi kenan.

Ashemi ya ciro makullin. Abincin matarsa da yaransa ne a hannunsa.

"Ga shi. Amma ka goge, ina kallo."

"Au, har da ciniki?"

"In ba haka ba, wallahi rijiyar can makullin nan zai faɗa."

Abdulnasir ya goge, ya fizge makullin, ya tofa yawu ya fita. Duk da haka ya bi dangi yana cewa Ashemi ya koma ruwa.

Ashemi ya koma dakon doya a kasuwa. Akwai ranar da baƙin ciki ya kai shi har bakin shagon mai leda, sai ya kira Terfa ya zo ya janye shi. Mitin ɗinsu na Lahadi kuma aka canza masa wuri, shiru kake ji.

Ana nan, sai aka tsinci Abdulrahaman, babban ɗan Abdulnasir, wanda yake cika baki da shi, kwance a bayan tasha, amai har wuya. Ashe ya daɗe yana sha. An yi duka, an yi kulle, an kai shi ƙauye. Ya dawo ya ɗora. Da bakinsa ya ce, "Baba, ina so in bari, na kasa."

Abdulnasir ya haɗiye girman kai ya je gidan Mama.

"Mitin? Wane mitin? Ni kunu nake sayarwa."

Ya tare Terfa. "Oga, ban san zancen ba."

Duk wanda ya tambaya, amsar kenan. Ƙarshe sai kasuwa. Ya samu Ashemi da doya a ka, gumi sharkaf.

"Ina kuka koma?"

"Mu wa? Tarin mashayan banza?"

"Ashemi, ɗanka ne." Ya miƙa makullin. "Karɓi kekenka."

Ashemi ya sauke doyar a hankali.

"Ba a sayen hanyar wurin da keke, Yaya. Yaron zan kai shi, don shi ya ce yana so. Kai kuwa ko layin ba za ka sani ba."

"Ni ne fa ubansa!"

"Shi ya sa." Ya karɓi makullin. "Wannan kuma ba godiya. Wurin da nisa, ba zan goya ƙato a baya ba."

Ran Lahadi Abdulnasir yana tsaye a ƙofar gida keken ya sha kwana da ɗansa. Daga can ko dama suka yi ko hagu, bai sani ba har yau.

Darasi: Kar ka tona asirin wanda yake kokawa ya gyara kansa. Ƙofar da ka banke da ƙafa yau, gobe kai ne za ka tsaya kana ƙwanƙwasa ta saboda naka. Ku tura wa wasu, wataƙila akwai mai neman irin wurin nan yana jin kunyar tambaya. Kai da kake karantawa, da kai ne Ashemi, za ka nuna wa Yaya layin?