Randunan Gwaggo Tasalla

Ga ta nan, ga ta nan gare ku.

Ta zo, kunnenmu na nan.

Ranar wata Laraba da hantsi, Maigari Jatau ya tara mutanen Rafin Kanya, ya sa aka kira Gwaggo Tasalla, tsohuwar da ke ajiye randuna uku na ruwan sadaka a gindin tsamiya. Ya ce mutum bakwai sun kwanta da zazzaɓi, idanunsu sun yi rawaya, biyu sun rasu, kuma dukansu a inuwarta suke hutawa. Jama'a suka ce ita kullum tana wurin, me ya sa ba ta kwanta ba? Sai Maigari ya ba ta kwana uku, ta kawo mai laifi ko ta bar garin.

Rana ta farko ta tambayi Ruwa. Ruwa ya ce ta sha shi ta gani. Ta sha ƙoƙo uku, ba abin da ya same ta.

Rana ta biyu ta shiga daji, ta tarar da Biri kwance, idanunsa rawaya. Biri ya ce lalle cutar shawara tana jikinsa, amma shi bai taɓa taka garinsu ba, ta nemi wanda ke yi wa cutar dako.

Rana ta uku ta zauna a gindin tsamiya, ta miƙe ƙafa. Sai ga Sauro mai ratsin fari a ƙafafu ta fito daga bakin randa, ta sauka a idon sawunta.

Gwaggo ta ce, "Baiwar Allah, da rana tsaka? Na zaci ku ma'aikatan dare ne."

Sauro ta ce, "Waɗancan dangi ne, Gwaggo. Ni da rana nake fita, kuma a randarki aka haife ni."

Da yake Sauro mai son yabon kai ce, sai ta kwashe labari duka. Ta ce 'yar'uwarta ta daji ta sha jinin Biri, ta ciji Tanko mai saran itace. Tanko ya zo inuwa, ita ta sha nasa. Cutar ta yi kwanaki a cikinta, ta hau yawunta, duk wanda ta ciza sai ta bar masa. Gwaggo kuwa ta yi cutar tun tana yarinya, kuma ba ta kama mutum sau biyu.

Sauro ta ƙara da cewa, "Mun gode da ba kya zubar da ragowa. Ƙwayayenmu suna manne a jikin randa, ke kina ta ƙara ruwa."

Gaskiya ta faɗa, domin a garin ana ganin zubar da ruwan sadaka zubar da lada ne.

Gwaggo ta kai hannu ta make ta, Sauro ta mutu. Ta kira Maigari, ta faɗa masa abin da ta ji, ta nuna masa tsutsotsi, 'ya'yan Sauro, suna wutsil-wutsil a ruwa, ta tuntsurar da randunan a gabansa. Wani dattijo ya ce ta zubar da ladanta. Ta ce, "Malam, ladan yana wurin Allah, randa kuwa soso take bukata."

Ta dirje su, ta cika, ta rufe da faifai. Maigari ya ba da umarni kowane gida ya yi haka duk mako. Kafin wata ya ƙare, ba wanda ya sake kwantawa, Gwaggo Tasalla kuma ta zauna a garinta.

Ƙurunƙus, kan kusu ya ƙare ta. A wanke randa, a rufe ta.