Ranar da Kayan Wasa Suka Haɗiye Auta

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku!

Ta iso, kunnuwanmu na jira!

To ku matso. Wani bafatake ne wai shi Barmo, da matarsa Hakama, da 'ya'yansu huɗu. Tunau ne babba, sai Shekarau, sai mace guda Tabawa, sai Auta mai rarrafe.

Barmo akwai son 'ya'ya. In ya yi gabas, ya dawo da kayan wasa. In ya yi yamma, ya dawo da kayan wasa. 'Yar tsana, dokin kara, motar langa-langa, usur, ƙwallo, kacau-kacau, 'yan ganguna. Yara su yi tsalle, su yi wasa yini guda, gobe su wurga ɗaki. Ɗaki ya cika. Aka koma rumbu, rumbu ya cika. Aka koma tsakar gida, kaya suka yi tsibi har suka fi katanga tsawo.

Hakama ta ce, "Malam, wurin shimfiɗa tabarma ma babu a gidan nan."

Barmo ya ce, "Bar su, Hakama, ai yara ne."

Ran nan da hantsi Hakama ta juya ta ɗauko ruwa. Auta ya rarrafa, ya rarrafa, ya kai gindin tsibin nan. Sai tsibi ya buɗe baki, ruf! Ya rufe da shi.

Hakama ta saki tulu ta ɗora hannu a ka. "Wayyo Auta! Malam, fito! Kaya sun haɗiye Auta!"

Sai aka ji waƙa daga cikin tsibi:

"Mun riƙe Auta, mun riƙe,
Shekara uku muna duhu,
Ba mai taɓa mu, ba mai kira,
Rana ta faɗi, ya zama namu!"

Tunau ya ce, "Ni ne babba, ku ba ni wuri!" Ya naɗe hannun riga, ya kama tono yana jifa baya. Ya jefa doki, doki ya sukwano ya dawo. Ya jefa ƙwallo, ƙwallo ta gangaro ta dawo. Ya yi gumi sharkaf, tsibi yana nan yadda yake.

Shekarau ya ce, "Yaya, ƙarfi ba zai yi ba, sai dabara." Ya ɗaura wa jakin Baba mangala, ya cika ta da kayan wasa, ya kai rafi ya juye. Ya juyo yana murna. Sai ya ji cakwal, cakwal a bayansa. Ga kaya nan a jere, jiƙe jagab, har sun wuce shi sun riga shi gida!

Tabawa ba ta tona ba, ba ta ɗauko jaki ba. Ta zo gaban tsibi ta durƙusa, ta ce, "Sannunku da zama. Me muka yi muku?"

Tsibi ya ɗan buɗe baki. Sai wata tsohuwar 'yar tsana mai ido ɗaya ta leƙo. Ta ce, "Yau ga mai gaisuwa. 'Yar nan, mu don wasa aka yi mu. Ku kun tara mu kun manta. Kowannenmu hannun yaro yake so. In rana ta faɗi akwai ko ɗayanmu da bai samu mai shi ba, ƙanenki zai zama ɗan tsana, ya zauna da mu."

Tabawa ta miƙe zumbur. Ta fizgi ganga guda, ta fita da gudu, tana bugawa tana kira: "Yara ku zo! Kyauta ce, ku zo! Kowa da nasa, ku zo!"

Kai, zo ka ga yara! Na unguwar maƙera suka zo, na unguwar marina suka zo, wani ma da lomar tuwo a hannu. Tabawa tana miƙawa, Hakama tana miƙawa, Barmo yana miƙawa. Duk abin da ya shiga hannun yaro sai ya yi ƙara don daɗi. Usur ya busa kansa, fiit! Dokin kara ya yi haniniya. Yaran gari suka ƙare, tsibi ya dawo daidai kafaɗa.

Azahar ta yi. Tabawa ta sake fita, ta bi rugage da ƙauyuka tana buga ganga. 'Yan matan ruga suka ajiye ƙwaryar nono suka sheƙo. Masu kiwo suka sheƙo. Aka miƙa, aka miƙa. Su ma suka ƙare, tsibi ya dawo daidai gwiwa. Ga ƙafar Auta nan ta leƙo! Hakama ta taɓa, ta ji ta fara sandarewa kamar icce.

"Wayyo, ku yi sauri!"

La'asar ta yi, babu sauran yaro. Tabawa ta tsaya bakin daji ta buga ganga. Biri ya sauko ya ce, "Lafiya, 'yar mutane?" Ta ce, "Kuna da 'ya'ya?" Biri ya ce, "'Ya'ya? Bakwai gare ni, sun hana ni sakat!" Nan da nan daji ya ɗauka. 'Ya'yan biri suka kwashi ganguna. 'Ya'yan zomo suka kwashi ƙwallaye. Ɗan kunkuru ya hau 'yar mota, ya ce yau shi ma ya san gudu. Tsibi ya ƙare ƙaf, sai tsohuwar 'yar tsana. Tabawa ta rungume ta, ta ce, "Ke tawa ce."

Ga Auta zaune a ƙasa. Amma bai motsa ba, idonsa ƙur, hannunsa a sandare. Rana kuwa ta yi ja, ta taɓa kan kuka.

'Yar tsana ta ce, "Saura."

Aka duba ɗaki, wayam. Aka duba rumbu, wayam. Sai aka ji ƙiii, ƙiii a cikin rigar Tunau. Ashe motoci uku ya ɓoye, mafi kyau duka!

Tabawa ta ce, "Yaya, don Allah!"

Tunau ya ce, "Ai nawa ne, Baba ya ba ni."

Barmo ya ce, "Tunau, dubi ƙanenka."

Tunau ya dubi motoci, ya dubi Auta, ya dubi rana saura ƙiris. Sai ya zaro su. Ya miƙa wa ɗan bushiya ɗaya. Ya miƙa wa Shekarau ɗaya. Ta ukun ya ajiye ta ƙasa, ya durƙusa ya tura ta da hannunsa, ya ce, "Ke kuma ni da ke, kullum!"

Atishawa! Auta ya yi atishawa, ya miƙe ƙafa, ya ɓarke da dariya. Hakama ta sure shi ta rangaɗa guɗa. Biri ya buga ganga, yara suka kama rawa. Ashe tsakar gidan nan faɗi gare ta! Aka yi langa, aka yi 'yar gala-gala, har Barmo ya cire hula ya shiga.

Da zai koma fatauci ya tara su ya ce, "To, wannan karon me zan kawo muku?"

Tunau ya yi wuf ya ce, "Baba, dabino da ƙuli-ƙuli. Abin da za mu cinye ya ƙare!"

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, tatsuniya ta naɗe tabarmarta. Kun dai ji: abin da ya ishe ka riƙe shi da kyau, wanda ya yi maka yawa kuwa na wani yaron ne, kai masa.